Maigidana ya rufe mini shafukan bincikena, in saka manhajar da ke sa su barci?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu, yanzu haka ina kan babi na biyu na kundina. Kwamfuta ɗaya gare mu a gida, laftof ce ta hannu, RAM ɗinta giga 4. Da rana ni ke aiki da ita, da dare maigidana ya yi lissafin shagonsa a kanta. Ɗabi'ata ita ce duk takardar da na ci karo da ita a intanet, in na ga alamar za ta yi mini amfani, sai in bar ta a buɗe a Chrome, har shafukan suka haura sittin. Kwamfutar ta koma sai daskarewa, fankarta na ta ƙugi. Makon jiya ya zo zai yi aikinsa ta ƙi motsi, sai ya rufe komai. Da safe na buɗe ban tarar da ko ɗaya ba. Na yi kuka, na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa masa ba, har yau ba mu koma daidai ba. Wani mai gyaran kwamfuta a unguwarmu ya ce akwai 'yar manhajar da ake liƙa wa Chrome, tana sa shafukan da ba a taɓa ba su yi barci, kwamfuta ta samu sarari. Ya turo mini ita ta WhatsApp, ya ce an cire ta daga kantin Google amma har yanzu tana aiki, in kunna wani wuri mai suna Developer mode in saka ta. Gabana ya faɗi, domin a wannan kwamfutar maigidana ke shiga asusun bankinsa. In saka ko kada in saka? Kuma ko akwai yadda zan dawo da abin da na rasa?

Daga wata ɗaliba a Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma daidaita tsakaninki da maigidanki.

Kada ki saka ta. Ki goge fayil ɗin daga wayarki. Faɗuwar gaban da kika ji tana kan hanya, kuma zan gaya miki dalili dalla-dalla. Amma bari in fara da abin da ya fi damun ki, wato takardun da suka ɓace, domin mafi yawansu suna nan ba su je ko'ina ba.

Chrome yana riƙe tarihin shafukan da aka ziyarta na kwana 90, matuƙar ba a goge shi da gangan ba. Ki buɗe shi ki danna Ctrl da H tare. Jerin duk inda kika shiga zai fito, rana bayan rana, da wurin bincike a samansa. Ki rubuta kalma ɗaya daga taken bincikenki, ko sunan mujallar da kike yawan shiga, ko kawai pdf, za ki ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aikin zama ɗaya ne, da kofin shayi a gefe. Ki yi shi a cikin makon nan, kada ki jinkirta, saboda shafin da kika buɗe tun wata biyu da rabi baya ya kusa faɗowa daga jerin. Nan gaba kuma, duk ranar da aka rufe miki taga bisa kuskure, ki sake buɗe Chrome ki danna Ctrl da Shift da T tare, zai dawo da tagar da duk shafukanta. Da kin san wannan a safiyar nan, da wataƙila hawayen bai zuba ba. Ki koya wa maigidanki shi ma.

Yanzu ga abin da ke damun kwamfutar. Ki ɗauki RAM kamar teburin ɗan tireda, faifan ajiyar kwamfuta kuma kamar sitonsa da ke bayan shago. Abin da ke kan tebur hannu kawai ake miƙawa a ɗauka, na sito kuwa sai an tashi an je an buɗe ƙofa. Teburinku giga 4 ne, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke yarda ta zauna a kai, kuma Windows ɗin kanta takan cinye kusan rabinsa kafin ki buɗe komai. Ragowar ce kika ɗora wa shafuka sittin. Idan wuri ya ƙare, Windows ba ta cewa ta gaza. Sai ta riƙa kwashe wasu abubuwa daga RAM tana kai su faifan ajiya, tana dawo da su in an nema, tana sake kwashe wasu. Wannan kai-kawo shi ne daskarewar da kike gani: kin danna abu, 'yar kibiyar ta zama zobe tana juyawa, harafin da kika buga sai bayan daƙiƙa biyar ya bayyana. Idan faifan irin tsohon nan ne mai juyawa, abin ya fi muni nesa ba kusa ba.

Chrome ma yana da nasa hali. Tun fitowarsa a 2008 an gina shi ne yana raba shafuka gida-gida, ta yadda in ɗaya ya lalace ba zai ja sauran ba. A 2018, bayan gano raunin tsaron da ake kira Spectre a cikin na'urorin sarrafa kwamfuta, Google ya ƙara tsaurara rabuwar, kowane gidan yanar gizo da nasa ɗakin, ya kuma faɗa da bakinsa cewa hakan zai ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Tsaro ne aka saya da RAM. Kuma shafin da kika bari a baya ba zaman banza yake yi ba, tallace-tallacen cikinsa suna sauyawa, yana leƙa intanet yana neman sabon abu, wani ma bidiyo ne ke jiran a kunna shi. In kina son ki gani da idonki, ki danna Shift da Esc a cikin Chrome. Wata 'yar taga za ta fito da sunan kowane shafi da yawan RAM ɗin da yake ci. Ki jera su daga babba zuwa ƙarami. Za ki tarar ba takardun karatun ne suka fi ci ba, irin su YouTube da Facebook da Gmail da WhatsApp na kwamfuta ne, kowannensu na iya riƙe ɗaruruwan megabait shi kaɗai.

To mai gyaran nan bai yi ƙarya ba da ya ce akwai maganin da ake kira sa shafi barci. Dabarar mai sauƙi ce. Shafin da aka daɗe ba a leƙa ba sai a sauke kayan cikinsa daga RAM, a bar sunansa da 'yar alamarsa a saman burauza. Ranar da aka danna shi sai ya sake lodawa. Dabara ce mai kyau, tana kuma aiki. Inda ya kauce shi ne hanyar da ya nuna miki.

Akwai labarin da ya kamata duk mai shirin liƙa wa burauzarsa irin wannan manhaja ya sani. Wadda ta fi kowacce suna a wannan fanni ita ce The Great Suspender. Mutum sama da miliyan 2 ne ke amfani da ita a wancan lokacin, kyauta ce, kuma rubutun shirinta a bayyane yake a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa na iya dubawa. Shekaru tana aiki lafiya, masana suna yaba ta. A watan Yunin 2020 wanda ya ƙirƙire ta ya sanar cewa ya miƙa ta ga wani sabon mai shi, ba a kuma bayyana ko wane ne ba. Bayan 'yan watanni sai masu bin diddigi suka lura cewa sabon zubin da aka tura wa jama'a ta kantin Chrome ya sha bamban da wanda ke GitHub. An cusa masa abin da ke ba shi damar ɗauko umarni daga wata uwar garke ta waje ya aiwatar a cikin burauzar mutum. Microsoft ya toshe ta a burauzarsa mai suna Edge tun a ƙarshen 2020. Ranar 4 ga Fabrairun 2021 Google ya cire ta daga kantinsa, ya kashe ta a kwamfutocin mutane daga nesa, da sanarwar cewa tana ɗauke da muguwar manhaja.

Abubuwa biyu nake so ki riƙe daga wannan labari. Na farko, mutanen nan miliyan 2 ba su yi wani ganganci ba. Sun saka abu mai kyau daga kanti na halal. Amma irin waɗannan manhajoji suna sabunta kansu ne a ɓoye, ba sa neman izini kowane karo. Wanda ka amince wa jiya yana iya sayar da ita yau, gobe ka tashi da shirin wani baƙo a cikin burauzarka ba ka sani ba. Kuma da yawansu tun ranar sakawa suke karɓar izinin karantawa da sauya duk abin da ke kan kowane shafin da aka shiga. Ki tsaya ki auna wannan izini da kyau. Ya haɗa da shafin bankin maigidanki a lokacin da yake buga kalmar sirrinsa, da akwatin imel ɗinki, da shafin makarantarku inda sakamakonki yake.

Na biyu ya shafe ki kai tsaye. Yadda The Great Suspender ke aiki shi ne ta cire shafin gaske ta maye gurbinsa da wani shafi nata na kanta, mai riƙe da adireshin na asalin. Saboda haka a ranar da Google ya kashe ta, duk shafukan da ta sa barci suka ɓace tare da ita a lokaci guda. Masu shafi ɗari, masu ɗari biyar, ɗalibai da 'yan jarida da masu bincike, suka wayi gari kamar yadda kika wayi gari makon jiya. Sai da suka koma tarihin burauza suna tsinto adireshi ɗaya-ɗaya daga cikin dogon rubutun da manhajar ta bari. Abin da suka saka don ya tsare musu shafuka shi ya tafi da su.

Wannan fa ta cikin kanti ke nan, inda ake ɗan tantancewa kuma ake iya janye abu in an gano sharrinsa. Wadda aka turo miki ta WhatsApp ba ta bi ta gaban kowa ba. Developer mode wuri ne da aka tanada don masu rubuta manhaja su gwada aikinsu kafin su fitar. Kunna shi don saka fayil ɗin da ya yi ta yawo daga waya zuwa waya daidai yake da tsallake duk wani mai gadi. Kalmar da ya faɗa miki, cewa an cire ta daga kanti, ita kaɗai ta isa ta sa ki ja da baya. Ba na zargin mai gyaran da mugun nufi. Galibi shi ma wani ne ya tura masa, ya gwada ya ga kwamfuta ta yi sauri, ya ɗauka alheri yake rabawa. Manhajar da ke satar bayanai ma tana iya sa kwamfuta ta yi sauri, ai ba ta fasa aikin da aka san ta da shi, ƙari take yi a kai. In kin sake ganinsa ki gaya masa cikin mutunci, don kada ya ci gaba da saka wa mutane.

Abin farin cikin shi ne ba ki buƙatar ta ko kaɗan, domin masu burauzar sun riga sun gina wannan dabara a cikin kayansu. Microsoft ya kawo ta Edge a farkon 2021 da sunan Sleeping tabs. Burauzar Firefox ta fara sauke shafuka da kanta idan RAM ta yi ƙaranci tun zubi na 93, a watan Oktoban 2021. Google ya sanar da nasa, Memory Saver, a watan Disamban 2022, ya kuma isa ga kowa a farkon 2023. Yana cikin Chrome ɗin da ke gabanki yanzu, in dai ana sabunta shi.

Ki danna ɗigo ukun da ke saman kusurwar dama, ki shiga Settings, ki zaɓi Performance a gefen hagu, ki kunna Memory Saver. A sababbin zubi za ki ga mataki uku, Moderate da Balanced da Maximum. Bambancinsu shi ne saurin da ake sa shafi barci. Ga mai giga 4 ina ba da shawarar Maximum. Bayan ɗan lokaci za ki ga alamar wasu shafukan ta ƙanƙance, da zobe mai ɗigo-ɗigo kewaye da ita. Waɗannan su ne masu barci. In kin ɗora kibiya a kan shafi ba tare da kin danna ba, zai nuna miki bayanin RAM ɗinsa. A wannan wurin na Performance kuma akwai inda ake rubuta gidajen da ba a so su taɓa yin barci. Ki sa shafin makarantarku a ciki, da duk inda kike rubutu kai tsaye a intanet, maigidanki kuma ya sa inda yake shigar da lissafinsa. Chrome yakan ƙyale shafin da ke kunna sauti, ko ake kira a cikinsa, ko ake sauke fayil, ko aka fara cike fom ba a gama ba. Duk da haka kada ki bar dogon fom rabi-da-rabi ki tafi girki kina dogaro da wannan. Ki gama ki tura, ko ki kwafe abin da kika rubuta ki ajiye a wani wuri.

Sai dai akwai wani gefe na wannan magani da masu yabonsa a ƙasashen da intanet ba ya yankewa ba su cika ambata ba, mu kuwa a nan shi ne ya fi shafar mu. Shafin da ya yi barci a Chrome, farkawarsa sake lodawa ce. Yana buƙatar sabis, yana kuma cin data. Ki ƙaddara ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, an ɗauke wuta, batirin laftof saura kashi talatin, sabis ɗin wayar da kika jona ya koma sanda ɗaya. Kin tuna wata takarda da kike so ki ɗauko magana daga shafinta na bakwai, kin danna, sai ga farin allo da ɗan dodon nan na Chrome yana gaya miki babu intanet. Takardar da ɗazu take buɗe a gabanki yanzu babu ita. Wani lokacin ma sabis na nan, amma mahaɗin da mujallar ta ba ki na ɗan lokaci ne, ya riga ya mutu, ko kuma sai kin sake shiga da lambar ɗakin karatu. Barcin Edge ya ɗan fi sauƙi ta wannan fuska, domin shi yakan dakatar da shafin ne, in an danna ya ci gaba daga inda ya tsaya ba tare da cikakkiyar lodawa ba, sai fa in RAM ta yi matuƙar ƙarewa. Amma ko shi ba abin jingina ba ne.

Wannan ya kawo ni ga maganar da na fi so ki ji, ko da ba za ta yi daɗi ba. Shafin burauza ba wurin ajiya ba ne. Ba a yi shi don ya riƙe miki aikin wata uku ba. Da maigidanki bai rufe su ba, da wata rana batir ya mutu, ko Windows ta sabunta kanta cikin dare ta sake tashi, ko yaro ya danna abin da bai sani ba. Ranar tana tafe ko ta wace hanya. Sa shafuka barci zai sauƙaƙa wa kwamfutar, amma bincikenki zai ci gaba da rataye a kan zare ɗaya.

Duk takardar da kika san za ta shiga kundinki, ki sauke ta a matsayin PDF a ranar da kika same ta. Ki buɗe jaka a kwamfuta mai sunan babin, ki sa wa kowane fayil sunan marubucin da shekarar, ba dogon lambobin da yake zuwa da su ba. Ki ajiye kwafi a filashi ko a Google Drive duk ƙarshen mako. Wanda aka sauke ba ya buƙatar sabis, ba ya cin data sau biyu, ba ya cin RAM sai an buɗe shi. In kina da hali ki koyi Zotero. Kyauta ce, wata cibiya a Jami'ar George Mason ta Amurka ce ta fara fitar da ita a 2006, kuma an yi ta ne musamman don masu irin aikinki. Tana ajiye takardar tare da sunan marubuci da mujalla da shekara, sannan ta jera miki manazarta a tsarin da sashenku ke so. Ita ma tana da 'yar manhajar da ake liƙa wa burauza, kuma ita ce irin wadda nake yarda a saka: an san masu ita, an san inda ake sauke ta, kuma tana yin aikin da burauzar ba ta iya yi da kanta. Ranar da malamin da ke duba aikinki ya ce ki sauya tsarin manazarta gaba ɗaya, za ki yi mini addu'a.

Waɗanda kuma ba ki tabbatar ba, irin na bari in duba daga baya, ki danna Ctrl da Shift da D. Chrome zai tattara duk shafukan da ke buɗe ya ajiye adireshinsu a jaka ɗaya, ki sa mata kwanan wata, sannan ki rufe su hankali kwance. Akwai manhajoji irin su OneTab da ke tattara shafuka su mai da su jeri guda, da Auto Tab Discard da ke ba da iko fiye da na Memory Saver, kuma suna da masu amfani da yawa. Ban ga abin da za su ƙara miki ba wanda ya kai a ƙara wani baƙo a burauzar da ake shiga banki da ita. Hasali ma ki rubuta chrome://extensions a wurin adireshi ki ga abin da ke ciki tun da can. Kwamfutar hannu, ko wadda ta sha zuwa wurin gyara, takan zo da tarkacen da mai ita bai san da su ba. Duk wadda ba ku san amfaninta ba ku cire ta. Kowacce tana cin nata rabon na RAM. In kun tarar da wata baƙuwa da ba ku san yadda ta shigo ba, maigidanki ya sauya kalmar sirrin bankinsa da ta imel daga wayarsa.

Ina kuma zargin wani abu game da shafukan nan sittin, ki gafarce ni in na shiga inda ba a gayyace ni ba. Babi na biyu yana da wani irin tsoro. Mutum yana ji kamar bai karanta isasshe ba, sai ya yi ta tarawa, tarawar tana ba shi jin cewa yana aiki, alhali rubutun bai motsa ba. Kowane shafi a buɗe alkawari ne da kika yi wa kanki ba ki cika ba, kuma duk safiya suna kallon ki. Ki gwada wannan: ki buɗe biyar kawai. Ki karanta taƙaitawar kowacce da kammalawarta. Wadda ta dace, ki sauke ta, ki rubuta layi uku a littafinki game da abin da ta ce da inda za ta shiga a babin, ki rufe. Wadda ba ta dace ba ki rufe ta ba tare da waiwaye ba. Ina kyautata zaton cikin sittin ɗin nan waɗanda za su shiga kundinki ba su kai rabi ba.

Sai maganar gida. Maigidanki bai rufe bincikenki ba a saninsa. Ya zo da gajiyar kasuwa, yana so ya rufe lissafin ranar ya kwanta, na'ura ta ƙi motsi, ya yi abin da kowa ke yi. Wanda ba ya rubutun kundi ba zai taɓa zaton cewa waɗancan ƙananan alamomin da suka cunkushe a sama wahalar makonni ba ce. Ya kamata ya tambaye ki kafin ya rufe, wannan gaskiya ne, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa haka. Amma maganar da kika ce kin faɗa masa, wadda ba ki taɓa faɗa ba, ita ce ta tsaya a tsakaninku yanzu, ba shafukan ba. Ki ba shi haƙuri a kanta ita kaɗai, ba tare da kin haɗa da amma ba. Bayan an huce, a wani zaman daban, ki buɗe tarihin nan a gabansa ki nuna masa abin da kike tsintowa, ki gaya masa kwana nawa kowacce ta ci kafin ki same ta. Mutumin da ya bar miki kwamfutar yini guda don karatunki ba maƙiyin karatun ba ne, bai dai san nauyin abin da ya taɓa ba.

Sannan ku raba wurin aiki don kada a maimaita. Hanya mafi sauƙi ita ce ke ki riƙe Chrome, shi ya riƙa amfani da Edge, wanda ya riga ya zo tare da Windows. A cikin Settings na Chrome ki nemi On startup ki zaɓi Continue where you left off. Da yamma in kin gama, ki rufe Chrome da hannunki. RAM ɗin gaba ɗaya ta zama tasa, lissafinsa ya tafi ba tangarɗa, da safe ki buɗe ki tarar da shafukanki inda kika bar su. Ki kula da abu ɗaya: in taga biyu ko uku kika buɗe, kada ki rufe su ɗaya bayan ɗaya, domin ta ƙarshen kaɗai zai dawo miki da ita. Ki bi ta ɗigo ukun nan ki danna Exit, ya rufe su tare. Raba burauzar yana da wata fa'idar kuma, shiga bankinsa ya koma wurin da babu wata manhajar da aka liƙa.

Duk wannan dabarun zama da giga 4 ne. In Allah ya hore, maganin da ya fi daɗewa shi ne a ƙara RAM ɗin ta koma giga 8, kuma kuɗinsa bai kusanci na sabuwar kwamfuta ba. Kafin ku je kasuwa ki danna Ctrl da Shift da Esc, ki shiga Performance, ki danna Memory. A ƙasa za ki ga inda aka rubuta Slots used. In ya nuna 1 of 2, akwai gurbi a buɗe da za a ƙara wata. Wasu laftof ɗin an manne musu RAM a jikin allo, ba a iya ƙarawa, gara ku sani tun daga gida. A wannan tagar dai ki duba Disk, zai nuna ko HDD ne, wato tsohon faifan nan mai juyawa, ko SSD, sabon da ba ya juyawa. In HDD ne, sauya shi da SSD zai ba ku saurin da za ku ji tun daga kunnawa, wani lokacin ma fiye da ƙarin RAM ɗin. Ku tafi da laftof ɗin kanta don a gwada a gabanku, saboda RAM iri-iri ce, DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna. Kafin ta bar gida ki kwafe jakar kundinki a filashi, maigidanki kuma ya fita daga duk asusun da ya shiga a kanta.